"An Sayi Rafli!" To, Wa Ya Saya?



Akwai wata magana da ba a rasa jin ta duk inda aka buga ƙwallo, tun daga filayen unguwa a Kurfi, zuwa gidajen kallo na Dutsin-Ma, har filin Karkanda a Katsina. Da zarar an ci ƙungiyar mutum, kafin ma ya kaɗe wandonsa, sai ka ji ya ce, "An sayi rafli!" Ban taɓa jin wanda ƙungiyarsa ta yi nasara ya faɗe ta ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya ɗan dakata. Sai dai ba za a ce maganar ƙarya ce zalla ba. An sha sayar da wasa, an sha toshe bakin alƙalin wasa, wasu ma an kama su an hukunta. Waɗanda aka kama ɗin nake so mu duba yau, mu ga kamannin abin idan ya tabbata, mu ga kuma aljihun wa kuɗin ke fitowa.

Mu fara da Bauchi, a watan Yuli na 2013. Ana buga wasannin neman gurbin shiga ƙaramin rukuni na gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Ƙungiyoyi biyu, Plateau United Feeders da Police Machine ta Adamawa, suna da maki ɗaya, don haka wadda ta fi zura ƙwallaye a wasan ƙarshe ita za ta haye. Aka sa wasanninsu a lokaci guda. Feeders ta kara da Akurba ta Nasarawa, Police Machine ta kara da Babayaro ta Gombe. Aka tafi hutun rabin lokaci Feeders na da 7 da nema, Police Machine na da 6 da nema. Ko a nan ma an sha mamaki, amma a ce dai an fi ƙarfin yaro ne.

Da aka tashi wasa, Feeders ta ci 79 da nema. Police Machine ta ci 67 da nema.

'Yan ajin lissafi, ku ɗauko biro. Feeders ta zura 72 a zagaye na biyu kaɗai. Minti 45 daƙiƙa 2,700 ke nan. Ku raba da 72, za ku samu ƙwallo ɗaya a kowace daƙiƙa 37 da rabi. A cikin wannan ɗan lokaci ne za a ɗauko ƙwallo daga raga, a kawo tsakiyar fili, ɗaya ɓangaren ya take, a ƙwace, a ruga, a sake ci. Ko da babu kowa a gabanka sai ka yi haki. Labarin ya zagaya duniya, aka yi ta yi mana dariya har a jaridun Turai. Kafin watan ya ƙare Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara 10, ta kuma haramta wa 'yan wasan da jami'an da suka kula da wasannin shiga harkar ƙwallo har abada. Ku tuna, yawancinsu samari ne da suke mafarkin wata rana su buga a Turai. Da rana ɗaya aka rufe musu ƙofa.

Wannan shi ne maguɗin marasa wayo, irin na ɓarawon da ya saci akuya ya bi da ita ta tsakiyar kasuwar Charanchi ranar Lahadi. Wanda ya fi haɗari ba ya ihu haka.

Ranar 1 ga Yuni, 2011, Super Eagles ta karɓi baƙuncin Ajantina a Abuja, wasan sada zumunta. Najeriya na cin 4 da nema, kowa na murna. Alƙalin wasan maƙwabcinmu ne, Ibrahim Chaibou daga Jamhuriyar Nijar. Aka nuna ƙarin minti 5, suka cika, bai busa tashi ba. Sai wajen minti na 8 na ƙarin lokaci ya ba Ajantina fenariti, wai ɗan bayanmu ya taɓa ƙwallo da hannu, alhali hoton talabijin bai nuna hakan ba. Mauro Boselli ya buga ya ci, aka tashi 4 da 1. A filin babu wanda ya damu sosai. Mun ci Ajantina, me ya rage? Amma kamfanonin caca sun lura cewa ana dab da tashi wasu mutane sun yi ta zuba maƙudan kuɗi a kan cewa za a sake cin ƙwallo ta biyar, a lokacin da duk mai hankali zai ce wasa ya ƙare. Hukumar FIFA ta buɗe bincike. Sunan wannan alƙali ya sake fitowa a wasu wasannin da ake zargi, har da wanda Afirka ta Kudu ta ci Guatemala 5 da nema a 2010. A watan Janairu na 2019 FIFA ta same shi da laifin karɓar cin hanci, ta kore shi daga harkar ƙwallo har ƙarshen rayuwarsa.

Ku lura da abu ɗaya a nan. Ƙwallon Boselli ba ta canza wanda ya yi nasara ba. Ɗan caca bai damu da Najeriya ba, bai damu da Ajantina ba. Adadi ya saya. Shi ya sa duk wanda ke neman maguɗi ta hanyar duba wanda aka ci kawai, zai yi ta kuskure: zai zargi mai gaskiya ranar da aka ci ƙungiyarsa, ya kuma tafa wa ɓarawo ranar da ƙungiyarsa ta ci.

Babu wasan da wannan lissafi ya fi fitowa fili kamar ƙwallon kwando. Na san a yankinmu ba ta kai ƙwallon ƙafa farin jini ba, makarantu da yawa ma ba su da filinta, wasu kuma akwai filin amma ƙarfen kwandon ya karkace tun zamanin yayyenmu. Amma ba baƙuwarmu ba ce. Kano Pillars na da ƙungiyar ƙwallon kwando da ta sha ɗaukar kofin ƙasa. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ɗauki kofin gasar NBA ta Amurka sau biyu, 1994 da 1995, tare da Houston Rockets. D'Tigers ta doke Amurka 90 da 87 a Las Vegas a watan Yulin 2021, 'yan matanmu na D'Tigress kuwa sun mayar da kofin Afirka kamar gadon gidansu tun daga 2017.

A NBA ana raba wasa kashi huɗu, kowane kashi minti 12, alƙalai uku ne a fili, kuma kowace ƙungiya kan ci maki sama da 100. Fili ƙarami ne, 'yan wasa ƙatti ne, jiki na gugar jiki a kowane ɗauki. A wasa ɗaya akan busa ƙeta kusan sau 40, kuma akwai wasu da yawa da za a iya busawa ko a ƙyale, duka biyun ba wanda zai ce an yi zalunci. Ƙeta kan jawo jifan kyauta, wato ɗan wasa ya tsaya a layi ya jefa ba mai tare shi, kamar fenariti a ƙwallon ƙafa. Ɗan wasan da ya yi ƙeta 6 kuma ya fita ke nan. To su 'yan caca ba a kan wanda zai yi nasara kawai suke sa kuɗi ba. Suna sawa a kan tazara: ƙungiya kaza za ta ci da fiye da maki 7 ko ƙasa da haka? Suna sawa a kan jimillar makin da za a ci. Ka ga alƙalin da ya ƙara busa uku ko huɗu a ɓangare ɗaya, ko ya sa gwarzon ƙungiya ya zauna a benci da wuri, zai iya motsa tazarar ba tare da wanda ya kamata ya ci ya faɗi ba. 'Yan kallo su koma gida da farin ciki, kuɗi kuma su koma inda aka shirya.

Tim Donaghy ya yi shekara 13 yana alƙalanci a NBA, daga 1994 zuwa 2007. A duk tsawon lokacin nan ba ihun 'yan kallo ne ya tona shi ba, ba kuma masu sharhi a talabijin ba. Hukumar bincike ta FBI ce ta ci karo da sunansa tana cikin bin diddigin wasu gungun miyagu a New York. A watan Agustan 2007 ya amsa laifi a kotu: yana yin caca a kan wasanni, har da waɗanda shi ke busawa, yana kuma sayar wa 'yan caca bayanan sirri, kamar wane ɗan wasa ne ba shi da lafiya da wane alƙali ne ba ya ga-maciji da wane koci. A 2008 aka ɗaure shi wata 15. Ya dage cewa bai taɓa karkata usur ɗinsa don cacarsa ta ci ba, binciken da NBA ta sa aka yi ma bai tabbatar da ya yi hakan ba. Ni dai nawa ganin, mutumin da kuɗinsa ke kan ƙungiya ɗaya, usur kuma na bakinsa, ko bai yi niyya ba idonsa zai fi ganin laifin ɗaya ɓangaren.

Da ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai Donaghy ya ce ai ba shi kaɗai ba ne. Ta bakin lauyansa ya yi nuni da wani wasa na 2002 da har yau Amurkawa ke gardama a kai, tsakanin Los Angeles Lakers da Sacramento Kings. Ƙungiyar da ta fara cin wasa huɗu cikin bakwai ita za ta je zagayen ƙarshe, Kings na da uku, saura ɗaya. A kashi na huɗu na wasa na shida aka ba Lakers jifan kyauta 27, Kings kuma 9. Lakers ta ci 106 da 102, ta ci wasa na bakwai, ta je ta ɗauki kofi. Zargin shi ne hukumar gasar ta so a kai wasa na bakwai saboda kuɗin talabijin. Shugaban NBA na lokacin, David Stern, ya ƙaryata, ya ce maganar mai laifi ce da ke neman sassauci. Lauyan da aka ɗora wa binciken ya ce an yi kurakurai a alƙalancin wasan amma bai ga shaidar haɗa baki ba. Fiye da shekara 20 ke nan, babu takarda, babu kuɗin da aka bi sawunsa, babu alƙalin wasan da ya fito ya amsa. 27 da 9 abin tuhuma ne, amma tuhuma ce har yanzu. Ku riƙe bambancin wannan da na Donaghy, wanda ya tsaya gaban alƙalin kotu ya ce na yi.

Na kwanan nan kuma ɗan wasa ne. A watan Maris na 2024 Jontay Porter na Toronto Raptors ya buga minti uku kacal ya ce ba shi da lafiya, ya fita. Ashe wani ya riga ya sa dala 80,000 a kan cewa Porter ba zai taɓuka komai ba a wasan, da ya ci zai kwashi dala miliyan 1.1. Kamfanin cacar ya ga abin bai yi kama da na Allah da Annabi ba, ya riƙe kuɗin, ya kai rahoto. A watan Afrilu NBA ta kori Porter har abada yana ɗan shekara 24. Nan ma sawun kuɗi aka bi.

To mu dawo gida. Idan sayen alƙali yana da wuyar ganewa haka, me ya sa a gasar Firimiya ta Najeriya kowa ya san cin wasa a waje sai an yi da gaske? Wani ɓangare na amsar ba ya buƙatar ko sisi. A 2002 wasu masu bincike a Ingila suka tara alƙalan wasa 40, suka nuna musu bidiyon wasan Liverpool da Leicester City. Wasu suka kalla da ƙarar 'yan kallo, wasu aka kashe musu sauti. Waɗanda suka ji ihu sun busa wa masu gida laifi ƙasa da na sauran da kusan kashi 15 cikin 100. Suna zaune a ɗaki ne fa, babu wanda zai taɓa su. Haka kuma a 2020, da cutar korona ta sa aka buga wasannin Turai babu 'yan kallo, an ga katin gargaɗin da ake ba baƙi ya ragu, rinjayen masu gida ma ya ragu.

Ihu kaɗai ke nan. Yanzu ku ƙara masa dutse da robar fiya-wata, da sanin cewa bayan an tashi sai ka ratsa ta cikin mutanen nan kafin ka kai mota. A watan Yunin 2019, a filin Agege na Legas, bayan wasan Kano Pillars da Enugu Rangers, 'yan kallo suka kutsa fili suka nufi alƙalin wasa, sai da aka gudu da shi. Aka ci tarar Pillars naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin ɗinta Rabi'u Ali wasa 12. A watan Afrilun 2022, a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, wasan Pillars da Katsina United bai kai ƙarshe ba, aka farfasa motar 'yan Katsina. Aka cire wa Pillars maki 3, aka ci ta tarar naira miliyan 9, kuma a ƙarshen kakar ita da Katsina United duka suka faɗa rukuni na ƙasa. Kada wani Bakatsine ya yi dariya, don mu ma a 2017 an jefi motar Enyimba a Katsina. Alƙalin da ya san waɗannan labarai, aka ce ya je ya busa a irin wannan fili, kuna ganin zai ba baƙi fenariti a minti na 89 cikin sauƙi? Ba a saye shi ba, tsorata shi aka yi, kuma waɗanda suka tsorata shi su ne za su je wani gari mako mai zuwa su ce an sayi rafli.

Abin da ke faruwa a manyan filaye shi muke kwaikwaya a ƙanana. A gasar gidaje ta makaranta, ko wasan aji da aji, wa ke busawa? Malamin motsa jiki, ko wani ɗan bautar ƙasa, ko wani yaya daga unguwa da aka roƙa, ba ko kuɗin ruwa. Shi kaɗai, ba mataimaka, ba na'urar sake duba hoto, layin fili ma da toka aka ja shi. Ya yi kuskure ɗaya, sai a ce ai ɗan gidan Ja ne, ko ƙanensa na ɗaya ƙungiyar. Na san mutum biyu a Kurfi da suka iya alƙalanci sosai, yanzu ko an roƙe su ba sa karɓar usur, kuma ban ga laifinsu ba. Idan masu kirki suka ajiye, wanda zai ɗauka shi ne wanda zagi ba ya damunsa, irin wannan kuwa shi ne ya fi sauƙin saye.

Kuma mu faɗi gaskiya, maguɗin da ya fi yawa a wasannin makarantu ba a bakin alƙali yake ba. Yana cikin takardar sunaye. Ɗan wasan da ya gama sakandare shekara uku da suka wuce, ga gemu an aske da safe, a ba shi rigar makaranta a ce ɗan aji biyar ne. Kowa ya sani, har da ku da kuke tafi a bakin fili. Wanda aka cuta shi ne ɗan ajinku na gaske da ya yi wata biyu yana atisaye aka bar shi a benci.

Saura tambayar da na ɗora a sama: wa ya saya? A Bauchi masu neman hayewa ne. A sauran kuwa, daga Abuja har Toronto, kuɗin caca ne. Kuɗin cacar kuma ba daga sama suke faɗowa ba. Dala miliyan 1.1 da aka so kwasa a kan Porter, da an biya, daga asarar sauran masu sa kuɗi za ta fito, mutanen da suka zauna suka yi nazarin wasa tsakani da Allah ba su san an riga an gama magana a waya ba. Cikinsu akwai irin yaran da nake gani a gidan kallo, ido ɗaya a talabijin ɗaya a waya, an sa naira 200 ta kuɗin tara a kan wasanni goma, har da ƙwallon kwandon wata ƙasa da ba su iya nuna ta a taswira ba, don kawai da tsakar dare ake bugawa kuma sakamako na fitowa da wuri. Doka ta hana wanda bai kai 18 ba yin caca, hukuncinta a addini kuma malaman Islamiyya sun riga ni faɗa muku, yana nan a Suratul Ma'ida. Nawa ƙarin shi ne na lissafi: ƙananan gasa, inda albashin 'yan wasa bai taka kara ya karya ba kuma babu kyamarori da yawa, su ne masu sayen wasa suka fi so. Yaron da ya sa kuɗinsa a can yana iya zama shi ne ya biya kuɗin toshiyar da ta cinye shi. Sannan ku lura, ihun "an sayi rafli" ya fi ƙarfi a bakin wanda tikitinsa ya yanke.

Ga aikin gida, ba na maki ba. A wasa na gaba da za a buga a makarantarku, ku samu mutum biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Kowa ya riƙe takarda, ya raba ta gida biyu. Duk busar da alƙali ya yi a rubuta minti nawa ne, wa aka ba, kuma kai ka yarda ko ba ka yarda ba. Kada ku yi magana da juna sai an tashi, sannan ku haɗa takardun. Ku ƙirga sau nawa kuka saɓa, kuma a cikin saɓanin sau nawa kowannenku ya ga an cuci ɗaya ɓangaren, ba nasa ba. Masu zuwa gidan kallo kuma su gwada roƙon mai gidan ya kashe sauti na minti goma, in ya yarda, in kuma sauran 'yan kallo ba su kore ku ba. Ku aiko mini da abin da kuka samu ta hannun edita, da sunan makaranta da aji, zan kawo wasu a wannan fili.